Lemuel da Mawaƙan Tarwaɗa

Lemuel Pettiford mutum ne da Allah ya yi wa jiki babu ƙwauro. Dogo ne, kakkaura, baƙi wuluk, in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Ga wata murya mai kauri da in ya ce maka sannu, sai ka ji ta a ƙirji kafin ta iso kunne. Amma duk unguwarsu da ke kudancin birnin Memphis ba wanda zai ce ya taɓa ganin ya ɗaga wa ko kare hannu. In matarsa Verlene ta ƙwala ihu a banɗaki saboda gizo-gizo, shi ne mai ɗaukarsa a tafin hannu ya kai shi waje ya ajiye a kan ciyawa.

Tun yana saurayi ya gane ba haka duniya take kallonsa ba. In ya shiga lif, na'urar hawa bene, sai mace ta ƙanƙame jakarta. In ya shiga kanti, sai mai gadi ya tuna yana da abin dubawa a daidai layin da ya bi. Saboda haka ya koyi dabarun rage kansa. Ya ranƙwafar da kafaɗa, ya fito da hannuwa daga aljihu, ya liƙa murmushi ko da haƙori na ciwo, muryar kuwa ya siranta ta kamar ta mai neman afuwa. Ya saba da haka har ya manta dabara ce.

Shekara da shekaru yana aiki a wani katafaren ɗakin ajiyar kaya kusa da filin jirgi. Duk sabon da aka ɗauka, da shi ake haɗa shi ya koya masa aiki. Da shugaban sashensu ya yi ritaya, kowa ya ce kujerar ta Lemuel ce, har abokan aiki sun fara tsokanarsa da ranka ya daɗe. Sai aka ba wani Bature wanda Lemuel ɗin ne ya koya masa tuƙa motar ɗaga kaya.

Manaja ya kira shi ofis, yana ta juya biro a hannu.

"Lemuel, aikinka ba a magana," in ji shi. "Sai dai ka san shugabanci yana son mutumin da jama'a za su saki jiki da shi. Wasu sun ce suna ɗan shakkarka."

"Na taɓa yi wa wani tsawa ne, yallaɓai?"

"A'a, ko kusa! Kawai dai... yanayinka ne."

Lemuel ya yi murmushin nan nasa, ya ce ya gode. Da zai fita, sai da ya riƙe ƙofar ya rufe ta a hankali, don kada a ce ya buga ta.

A gida bai faɗi komai ba. Ya ci abinci, ya wanke kwanonsa, ya zauna gaban talabijin yana kallon abin da bai san ko mene ne ba. Verlene ta tambaya ta sake tambaya, amsar ɗaya ce, ba komai. Ran nan ta gaji, ta ajiye cokali ta ce, "Lem, in wani laifi na yi maka ka faɗa min. Kai ma ka san fuskar nan taka, in ka yi shiru sai mutum ya ɗauka gaba kake yi da shi."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta soke shi fiye da ta manaja. To, ashe har a gida ma?

Ranar Lahadi ya ce kansa na ciwo, Verlene ta tafi coci ita kaɗai. Lahadi ta gaba ya ce zai wanke mota. Ta gaba da ita ya sake wanke motar, wadda ko ƙuda bai sauka a kanta ba. A cewarsa ba fushi yake yi da Allah ba, kawai dai ba shi da abin da zai ce masa.

Wata Asabar da hantsi sai ga tsohuwar akori-kurar surukinsa ta tsaya a ƙofar gida tana tari. Dikin Cleophus Rainey, dattijon coci kuma mahaifin Verlene, ɗan tsurut ɗin tsoho ne mai farin gashin baki, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa amma bakinsa bai yi ritaya ba.

"Ɗana, taimake ni," in ji shi, yana dafe da ƙugu. "Bayan nan nawa ya sake tashi. Ga tukunyar suya a bayan mota, ba mai sauke min ita a coci. Kana saukewa ka dawo abinka."

Lemuel ya leƙa. Tukunyar ko yaro zai iya ɗauka. Ya dubi taga, ya ga labule ya motsa, Verlene ta ɓuya. Ya gane an haɗa baki, amma ba a yi wa suruki musu, sai ya shiga mota.

A bayan Cocin Sabon Bege, ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya, ’yan zumuntar maza sun kafa tebura. Mai na tafasa, ana birkiɗa tarwaɗa cikin garin masara ana jefawa, ga burodin masara, ga ganye, ga tulin shayi mai ƙanƙara. Da suka iso, Dikin Cleophus ya diro daga mota kamar ɗan shekara ashirin.

"Baba, bayan fa?"

"Ya warke. Ikon Allah ke nan. Zauna ka ci kifi."

Abin da ya tara su shi ne Ranar Maza ta kusa, ranar da maza ke jan sujada tun daga addu'a har waƙa. Addu'a ba matsala. Waƙar ce bala'i. Bara da suka tashi rerawa, wani jariri ya tsala kukan da sai da aka fita da shi, Fasto kuwa ya ɓoye fuska cikin hankici wai tari ya sarƙe shi. Tun daga ranar matan coci suka raɗa musu suna Mawaƙan Tarwaɗa, wai a suya kaɗai suke da baiwa.

Hollis mai aski, wanda shi ne ke jan baki a waƙar, ya tura wa Lemuel faranti cike.

"Ɗan'uwa, ina ka shiga? Mun ce ko ka koma cocin masu kuɗi."

"Ina nan. Aiki ne."

"Aiki," in ji Dewitt, wani lauya mai tsabtar tsiya, wanda ko wajen suya sai da ya ɗaura laƙataye. "Kar ka yi min maganar aiki. Shekaranjiya na shiga kotu da kwat ɗina, da jakata, da takalmin da na goge da hannuna. Wani sabon ma'aikaci ya tare ni ya ce, malam, waɗanda ake ƙara can baya suke zama har lauyansu ya iso."

"Ka ce masa me?"

"Na je na zauna a bayan. Da alƙali ya tambaya ina lauyan mai ƙara, na ɗaga hannu na ce, ranka ya daɗe, an ce in jira kaina ne, har yanzu ban iso ba."

Wurin ya kaure da dariya. Hollis ya buga tebur har shayi ya fantsama.

"Kai taka mai sauƙi ce, Lauya," in ji shi. "Ni ina tsaye a ƙofar gidana ina ba furanni ruwa, wata sabuwar maƙwabciya ta tsaya ta ce aikina na da kyau, nawa masu gidan ke biyana? Na ce ba sa biyana ko sisi, hajiya, amma ina kwana da matar gidan."

"Hollis, a harabar coci muke!" in ji Dikin, alhali shi ma hawayen dariya yake sharewa.

Haka aka yi ta zagayawa, kowa da nasa. Wanda aka ɗauka direba, wanda aka tsare a motarsa wai ta fi ƙarfinsa, wanda ’yarsa ta ce ba ya nuna ƙauna alhali aiki biyu yake yi don karatunta. Ana faɗa ana dariya, amma Lemuel ya lura akwai inda dariyar ke tsayawa a maƙogwaro. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Ya ba su labarin kujerar, da manaja, da yanayinsa. Ya faɗi har yadda ya rufe ƙofar.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Na gaji ne, Baba," in ji shi, idonsa a kan faranti. "Kullum ina lallashin mutane kada su ji tsorona. Na yi addu'a a kan aikin nan, na yi haƙuri, na yi duk abin da aka ce. Wani lokaci sai in ga kamar shi ma Ubangiji bai lura da ni ba."

Dikin Cleophus ya goge hannunsa da tsumma, ya jawo kujera kusa.

"Kai ɗin ne ba a lura da kai ba? Ai daga ƙetaren kogi ana hango ka." Wasu suka murmusa. "Saurara, ɗana. Ni na yi aiki a zamanin da ɗan Baturen da na isa in haifa zai kira ni yaro, in amsa. In na dawo gida sai in shiga ɗaki in yi wa Allah faɗa, faɗa sosai, ba na wasa ba. Bai taɓa kora ta ba. Abin da ba ya so shi ne shirun nan da kake yi masa. Kuma in gaya maka, ranar da ya zo yin ka ba kuskuren awo ya yi ba. Ya san tsayin da ya ba ka, ya san launin da ya shafa maka, ya duba ya ce ya yi. Manajanka bai halarci zaman ba."

"Amin," in ji Dewitt a hankali.

"An zalunce ka, ba zan ce maka ba a yi ba. Amma don wani bai san darajarka ba, ba shi ya sa ta ragu ba. Ku matso, jama'a."

Suka kewaye shi, hannuwa masu ƙamshin kifi suka sauka a kafaɗunsa da kansa. Dikin ya yi addu'a, kuma abin mamaki bai ja ta ba, don Hollis ya raɗa masa cewa kifi na ƙonewa.

Bayan an ci an sha suka shiga ciki don gwajin waƙa. Lemuel ya ce shi zai tafi, Dikin ya ce makullin mota ya ɓace, sai an gama zai tuna inda ya sa shi.

Mai buga musu fiyano ita ce Mama Earline Boatwright, tsohuwar da ta ja mawaƙan cocin tun kafin a haifi yawancinsu. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko sauro ya yi kuskuren murya sai ta ji. Ta ce don Allah kawai take taimakon maza, kuma tana fata ya rubuta mata ladan mai jinya.

Aka soma. Hollis ya ja, sauran suka bi, kowa ta hanyarsa. Lemuel ya laɓe a layin baya yana motsa baki, yana sakin ’yar siririyar muryarsa ta wurin aiki. Ba a yi nisa ba Mama Earline ta ɗaga hannu.

"Wane ne can baya yake kukan kyanwa?"

Mazan suka dubi juna.

"Na ce wane ne? Muryar aro ce, na ji. Mai ita ya fito."

Dewitt ya tura Lemuel gaba. Tsohuwar ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, har gilashinta ya zame.

"Mijin Verlene? Kai da wannan ƙirji kamar randa, wannan ’yar tsiyar muryar kake ba Ubangiji? Wa ya ce ka ɓoye ta?"

"Mama, mutane ne ba sa..."

"Mutane ba su suka ba ka ba. A nan gidan Ubanka kake, ba wanda zai kira ’yan sanda. Miƙe kafaɗar nan. Bi ni."

Ta danna wani maɓalli can ƙasan fiyano. Lemuel ya bi a ɗarare. Ta girgiza kai, ta sauka ƙasa. Ya bi. Ta ƙara sauka. Sai ya rufe ido, ya ja numfashi har cikinsa, ya saki abin da ya shekara ashirin yana dannewa.

Gilashin taga ya yi zirr. Hollis ya dafe ƙirji ya ja da baya. Muryar ta cika ɗakin, mai kauri, mai taushi, kamar jirgin ruwa na wucewa a kogi da sanyin safiya. Da ya yi shiru, shi kansa sai da ya waiga ya ga ko wani ne.

"Yesu mai ceto," in ji Hollis. "Ashe da giwa muke zaune muna ta fama da kwaɗi."

Mama Earline ta gyara gilashi. "To, yanzu na sami wurin da zan jingina sauran gurguwar tawagar nan. Daga farko."

Da Lemuel ya koma gida da yamma, Verlene na tsaye a kicin tana yi kamar ba ta san komai ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce mata ta zauna ita ma, ya gaya mata duk abin da ya faru a wurin aiki, da yadda maganarta ta yi masa ciwo. Ta yi kuka, ta ba shi haƙuri, sannan ta share ido ta tambayi adireshin gidan manajan. Da ƙyar ya raba ta da makullin mota.

Ranar Maza ta zo da zafi mai nauyi da hadari a sama. Coci ya cika maƙil, mata sun sha manyan huluna, suna ta fifita da mafici suna jiran abin dariya. Mazan suka jeru cikin baƙaƙen kwat. Na Lemuel ya matse shi a hammata, don tun ranar aurensa rabon da ya sa shi.

Mama Earline ta hau babban fiyanon lantarki, Hollis ya kama makirufo, aka ɗauka. Baitin farko ya tafi lafiya, har wasu mata suka dubi juna. Ana shiga na biyu sai aka yi wata tsawa, wuta ta ɗauke. Fiyano ya mutu, makirufo ya mutu, fankoki suka tsaya. Hollis ya ci gaba da buɗe baki ba a jin komai, sannan ya daina. Mawaƙan Tarwaɗa suka fara kallon ƙofa. Daga layin mata aka ji wata ta ce, "Allah ya ji addu'armu."

Lemuel ya dubi jama'a. Ya hango Verlene a layi na uku ta dunƙule hannu a ƙirji. Ya hango Mama Earline ta juyo tana neman sa da raunanan idanunta, ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna sama.

Sai ya kama waƙar daga inda ta faɗi. Shi kaɗai, ba kiɗa, ba makirufo, ruwa na dukan rufi. Muryar ta bi ta ƙarƙashin kujeru ta kai har bangon baya. Dewitt ya shigo, Dikin ya shigo, Hollis ya ajiye makirufon ya hau sama da tasa. Wani ya fara buga ƙafa a katako, jama'a suka ɗauki tafi. Kafin a kai amshi na biyu duk cocin na tsaye, matar nan da ta gode wa Allah ma ta yar da mafici tana ɗaga hannuwa tana cewa, "Rera, ɗana! Rera!" Lemuel na rerawa hawaye na zuba, bai share ba. A wajen ɗaga hannu na ƙarshe hammatar kwat ɗin ta yage ɓarr, wannan ma bai kula ba.

Fasto da ya hau mumbari ya ce shi dai an riga an yi masa wa'azin, amma tun da ya shirya nasa, sai sun ji shi. Suka kuwa ji shi, cikin zafi, har wuta ta dawo.

A wurin cin abinci rigima ta tashi. Mama Earline ta ce daga yau Lemuel na babbar ƙungiyar mawaƙa ne, ba za ta bar shi ya lalace a hannun masu suya ba. Dikin Cleophus ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa, shi ya kamo kifinsa da ƙugiyarsa. Lemuel na tsakiya da farantin taliya da cuku, yana dariya da dukan muryarsa, har yara na leƙowa su ga mene ne.

Ranar Litinin ya ƙwanƙwasa ofishin manaja. Bai ranƙwafa ba, bai yi murmushin dole ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya yi magana yadda Allah ya yi shi. Ya ce ya zo ne ya faɗi cewa hukuncin da aka yanke bai yi masa adalci ba, kuma yana so a gaya masa abin da ya taɓa yi, ba yadda ya yi kama ba. Manajan ya yi ta inda-inda, ya ce za a duba. Lemuel ya ce to, ya koma bakin aikinsa, ya ci gaba da taimakon sabon shugaban, don shi yaron ba shi da laifi, kuma har yanzu bai san inda rabin kayan suke ba.

Ba a duba ba. Amma da bazara ta zagayo, Dewitt ya ji wani kamfani a ƙetaren kogi na neman shugaban sashe, ya matsa wa Lemuel sai da ya nema. Matar da ta yi masa tambayoyi ta ce tana son mutumin da in ya yi magana a cikin ƙarar injuna za a ji shi. Ya fara aiki a watan da ya biyo.

Zancen ƙungiya kuwa, Fasto ne ya raba gardama. Lahadi Lemuel na Mama Earline ne, Asabar na maza. Dikin ya karɓi hukuncin yana ƙunƙuni, ya ce an yi masa fashi da rana tsaka a gidan Allah, kuma har yau in suka haɗu da tsohuwar a ƙofar coci sai ya ɗaga mata hula ya ce, "Barka da asuba, ɓarauniya." Ita kuma ta ce, "Barka kadai, Cleophus. Gaya wa Hollis ya rage ihu."